Zan koma Sao Paulo da zama tare da iyali, da me zan fara?

Baban_Hanifa:

Assalamu alaikum jama'a. Na samu aiki a Sao Paulo, ƙasar Birazil, biza ta wucin gadi ta fito, kuma zan tafi da maiɗakina da 'yarmu guda. Kamfanin zai ba mu masauki na wata ɗaya ne kacal, bayan haka kowa tasa ta fisshe shi. Ina neman shawarar waɗanda suka san garin: wace takarda ake fara nema, yaya ake kama haya, kuma ya batun abincin halal? Na gode.

Malam_Sabo:

Wa alaikumus salam, Baban Hanifa, Allah ya sa a je a sa'a. Wata ɗaya ba ya da yawa, don haka jerin yadda za ka bi takardun shi ne komai. Kowace tana riƙe da ƙafar 'yar uwarta.

Ta farko ita ce CPF, lamba mai alƙaluma 11 da hukumar haraji ta Receita Federal ke bayarwa. Ba ta sai layin waya, asusun banki, hayar gida, har sayayya ta intanet duk su gagare ka. Ana iya neman ta tun kafin tafiya a ofishin jakadancin Birazil, kuma hakan ya fi. Ka yi wa kanka, ka yi wa Hajiya, ka yi wa yarinyar ma.

Ta biyu rajista ce a wurin 'yan sandan tarayya, Polícia Federal, domin samun katin zama da ake kira CRNM. Tsofaffin mazauna har yanzu RNE suke ce masa, sunansa ne kafin dokar shige da fice ta 2017. Mai biza irin taka yana da kwana 90 daga ranar shiga, in ya wuce akwai tara. Za ka cike fom a shafinsu, ka fitar da takardar biyan kuɗi mai suna GRU, ka biya reais 200 da 'yan kai (reais kuɗin Birazil ne) kan kowane mutum, sannan ka kama rana. Kama ranar ce wahalar, domin guraben Sao Paulo na cikewa da wuri. Ka fara dubawa tun makon farko. Ranar da aka ɗauki hoton yatsunka za a ba ka wata 'yar takarda, protocolo, ita ce shaidarka har katin ya fito bayan makonni ko watanni. Kada ka bari ta jiƙe ko ta ɓata.

Yanzu ga inda aka fi faɗuwa. A Birazil ana tantance mutum da sunan mahaifiyarsa da na mahaifinsa, abin da suke kira filiação, kuma fasfo ba ya ɗauke da su. Dole ka zo da takardar haihuwa. Tun da Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta apostille, wadda ke sauƙaƙa tabbatar da takardu tsakanin ƙasashe, takardar haihuwa da ta aure sai an buga musu hatimi a ma'aikatar harkokin waje, a kai su ofishin jakadancin Birazil su ma su tabbatar, duk kafin ka hau jirgi. Bayan isa kuma sai mai fassara da hukuma ta rantsar ya mayar da su harshen Fotugal. Fassarar abokinka da ya iya yaren ba ta karɓuwa. Ka zauna ka gwada sunayen harafi da harafi: in fasfo ya ce Mohammed, takardar haihuwa ta ce Muhammad, ko an rubuta Aisha a nan Aishatu a can, ma'aikacin zai iya maido maka da fayil ɗin ta ƙasan gilashi, ka koma neman sabuwar rana. Gyaran harafi ɗaya daga nesa ya fi neman bizar kanta ciwon kai.

In wani abu ya shige maka duhu, gwamnatin birnin tana da cibiyar taimakon baƙi mai suna CRAI, kyauta suke ba da shawara.

Hajiya_Turai:

Malam Sabo ya gama da takardu, bari in ɗora da gida.

Kuɗin da ka gani a tallar haya ba shi ne za ka biya ba. A gidan bene akwai condomínio, wato kuɗin mai gadi, lifta da shara, sannan harajin gida IPTU wanda galibi ɗan haya ake ɗora wa. Ka tambayi jimillar ukun kafin ka je kallon gida, don wani lokaci condomínio kaɗai ya isa ya karya lissafi.

Masu gida suna son jingina. Hanyar gargajiya ita ce fiador, wani mutum daban da ya mallaki gidan kansa zai tsaya maka, wanda baƙo ba shi da shi. Saura biyu: caução, ajiyar kuɗi da dokar haya ta 1991 ta ce ba za ta wuce hayar wata uku ba, kuma ana maido ta in ka fita lafiya, ko seguro-fiança, inshorar da kake biya ba ta dawowa. Ni dai caução na fi ba baƙo shawara in mai gida ya yarda. Doka ta hana a nemi jingina iri biyu a kwangila ɗaya, wanda ya nemi haka ka bar masa gidansa. Yawancin kwangila na wata 30 ne, fita da wuri kuma na da tara, sai dai da yawa sukan yarda a rubuta cewa bayan wata 12 za ka iya tashi ba tara. Sai ka nema, ba za su yi maka tayi ba.

Kafin karɓar makulli ana rubuta yanayin gidan, vistoria. Ɗauki hoton kowane tsagewar tayil da tabon bango, ka sa a rubuta, in ba haka ba daga ajiyarka za a cire. Gidan da aka ce babu kaya kuwa da gaske ake: ba firji, ba murhu, wani lokaci waya ce kawai ke lilo a inda ƙwan fitila zai zauna.

Ƙarfin wutar yawancin soket a Sao Paulo volt 127 ne, ba 220 ba, kuma bakin soket ɗin nasu daban ne, mai ramuka uku. Cajar waya da kwamfuta ba matsala da adafta, amma dutsen guga ko injin markaɗe na 220 zai yi ta nishi ne kawai, kada ku ɗauko su. Ku ɗauko rigunan sanyi. Yuni da Yuli ne hunturunsu, dare kan sauka kusa da digiri 10, gidajen kuma ba su da abin ɗumama ɗaki.

Ka zaɓi unguwa bisa layin jirgin ƙarƙashin ƙasa da zai kai ka wurin aiki. Kilomita goma a mota da yamma na iya cin awa ɗaya da rabi. Yarinya kuma, shekarar karatu a Fabrairu take farawa, makarantar gwamnati ba ta korar ɗan baƙo saboda takardu.

Usman_Pari:

Batun halal, Yaya Baban Hanifa, a kula. Birazil na cikin manyan masu fitar da kajin halal zuwa ƙasashen Larabawa, amma hakan bai sa naman kowane kanti ya zama halal ba. Mahautan Musulmi sun fi yawa a unguwannin Brás da Pari, inda akwai masallaci, akwai kuma masallacin Mesquita Brasil a unguwar Cambuci. Ka je Juma'a ɗaya, za a nuna maka wurin saye.

Alade ba a feijoada, dafaffen wakensu mai naman alade, kaɗai yake ɓuya ba. Waken yau da kullum na gidajen abinci da garin rogon da ake soyawa, farofa, sau da yawa da ɗan guntun naman alade ake ƙamshinsu. Ka haddace kalmomin nan na alade da kayan da ake yi da shi: porco, bacon, linguiça, presunto, banha. Tambayar "tem porco?" (akwai alade?) kaɗai ba ta isa ba, mai sayarwa zai ce babu da zuciya ɗaya don a ganinsa bacon ba ya cikin lissafi. Ka jero su ɗaya bayan ɗaya. Turanci ba zai kai ka ko'ina ba a kasuwa ko asibiti, ku fara koyon yaren tun yanzu, musamman Hajiya da za ta riƙa fita ita kaɗai.

Da zarar asusun banki ya buɗe ka haɗa Pix, tsarin tura kuɗi nan take ta waya, da shi ake biyan komai har mai sayar da masara a bakin titi. Ka rage iyakar abin da za a iya turawa a manhajar, domin masu fizgen waya a kan babur wayar da ke buɗe suke hari, su kwashe asusu cikin mintoci. Kada ka tsaya a bakin kwalta kana duba taswira, shiga shago ka duba.

Malam_Sabo:

Na manta abu biyu. Asibitin gwamnati, SUS, kyauta ne har ga baƙo. Ku je ƙaramin asibitin unguwarku, UBS, da fasfo da shaidar adireshi a yi muku kati, ku tafi da katin rigakafin yarinyar. Lasisin tuƙinka kuma kwana 180 kawai zai yi maka aiki. In ka sayi mota akwai rodízio: rana ɗaya a mako, bisa alƙalamin ƙarshe na lambar motarka, ba ka shiga tsakiyar gari daga 7 zuwa 10 na safe da 5 zuwa 8 na yamma. Masu 1 da 2 Litinin ce ranarsu, haka har Juma'a ta masu 9 da 0. Kyamara ce ke kamawa, takardar tara sai dai ta iske ka a gida.