Juye faifan garmaho cikin kwamfuta: yadda za a rage ƙarar ƙas-ƙas

Sabon shiga: Salamu alaikum manya. Akwai faya-fayan garmaho na gado, wasu EMI wasu Decca, yawanci kiɗan kotso da kalangu. Ana son juye su cikin kwamfuta, amma ƙas-ƙas ta yi yawa. Da mi za a fara?

Mai gyaran rediyo: Wa alaikumus salam ƙanena. Fara da rarraba su. Mai nauyi wanda bai lanƙwasuwa, mai gudun 78 ne, wato zagaye 78 a minti ɗaya, da shalak (wani irin ƙaro) anka yi shi, kuma sifirit na narkar da shi, ko ɗigo kada ya taɓa shi. Masu 33 da 45 na roba ne. Sannan wanki, don yawancin ƙarar ƙurar hunturu ce da ta cushe cikin layukan. Tataccen ruwa lita 1, ɗigo 2 na sabulun wanke kwanoni. In ruwan batir za ka saya, tabbata ba mai asid ba ne. Ruwan rijiya kan bar gishiri in ya bushe. Sa buroshi mai laushi ka bi zagayen layi, kada ka jiƙa takardar tsakiya, ka ɗauraye, ka jingine shi a inuwa.

Injiniyan sauti: Malam ya gama magana kan wanki. Saura allura. Layin 78 ya fi faɗi, yana son allura mai kaurin baki mil 3 (mil ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na inci). In ka sa ta faifan roba, mil 0.7, sai ta nutse har gindin layi tana kwasar datti, ka ji shuuu. Garmahon zamani Audio-Technica AT-LP120XUSB yana da gudu ukun kuma yana shiga kwamfuta kai tsaye. Allurarsa ta asali nauyin giram 2 take so. Ta 78 daban ake sayenta, ita kuma wajen giram 5. Kada ka ɗora faifai kan tsohon garmaho wanda ake wanawa da hannu, allurar ƙarfe na cin layi.

Sabon shiga: Yallaɓai, manhaja fa?

Injiniyan sauti: Audacity, kyauta ce. Ɗauka a 48 kHz ya isa, kuma ka bar ƙololuwar sauti wajen -6 dB a ma'aunin ƙarfin sauti. In ya bugi sifili ya fashe, gyaransa da wuya. Aje wannan ɗaukar ta farko a WAV, fayil ɗin sauti da ba a matse ba, yadda take, ka yi aiki kan kwafi.

Hajiya ta ɗakin adana sauti: Ɗana, nan ne mutane ke ɓata aiki. Click Removal, abin cire ƙas-ƙas na cikin Audacity, bai san bambancin ƙas ɗin tabo da bugun makaɗi kan kalangu ba, duka biyun sauti ne mai tashi farat ɗaya. In ka matsa shi, kiɗan ya dushe. Fara da ƙaramin mataki, ka saurara da abin kunne. Manyan tabo ka buɗe su sosai ka gyara ɗaya-ɗaya da Repair. Noise Reduction, mai rage shuu, kuwa, ɗauki samfuri daga layin shiru kafin waƙa ta fara, rage 6 dB, kada ka wuce 9, in ba haka ba muryar 'yan amshi ta koma kamar daga cikin tulu. 'Yar shuu kaɗan ba laifi ba ce. Kuma faifan 78 mono ne, haɗe hagu da dama wuri guda, ƙara za ta ragu da kanta.

Mai gyaran rediyo: In ka ji gurnani ƙasa-ƙasa, wutarmu ce mai 50 Hz. Ɗaura siririyar wayar at (earth) ta garmahon a jikin amfilifaya, cire cajar laftof ka yi da batir, ka nisanci janareto. Abin da ya rage, cire shi da Notch Filter na Audacity a 50, 100 da 150 Hz.

Hajiya ta ɗakin adana sauti: Ajiya a tsaye, cikin sabuwar rigar takarda, nesa da kwanon rufi. Zafin Afrilu na Sakkwato kan haura digiri 40, faifan roba ya karkace. MP3 don tura wa dangi a WhatsApp, WAV ɗin kuwa a wuri biyu daban.

Sabon shiga: Madalla. Wanda ya riga ya karkace fa, Hajiya?

Hajiya ta ɗakin adana sauti: In allura ba ta tsalle, juye shi a haka. Kada ka shanya shi a rana.