Neman kalma: sinadarin da ke sa ƙwaro ya tuɓe fata

Malamar Kimiyya: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis za mu naɗi shirin kimiyya na rediyo, kuma na maƙale. Batun sinadarin nan ne da ke sa ƙwaro ya tuɓe fata, wanda ake taƙaita sunansa na Turanci da ETH. Dušan Žitňan da abokan aikinsa suka gano shi a 1996 a jikin tsutsar ganyen taba ta Amurka, amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) 26 ne a jere, irin abin da ake kira feftayid. Yanzu ana harhaɗa irinsa a ɗakin gwaji don masu bincike. In aka yi allurarsa ga tsutsar da lokacinta ya kusa, cikin mintuna za ta fara murɗe-murɗen fita daga tsohuwar fata. Kalma uku nake nema: ta tuɓewar, ta homon (sinadarin da ke kai saƙo a cikin jiki), da ta feftayid na haɗi, wato wanda aka harhaɗa a ɗakin gwaji.

Ɗan Zazzau: Wa alaikumus salam. Ta farko ai muna da ita, saɓa. Maciji na yi, ƙadangare na yi.

Mai Gona: Rikiɗa fa?

Ɗan Zazzau: Rikiɗa ita ce tsutsa ta koma malam-buɗe-littafi. 'Ya'yan farar hamada sau 5 suke saɓa kafin su yi fiffike, kuma fara suke tun farko. Malama, rubuta "homon saɓa" ki huta.

Malamar Kimiyya: Saɓa ta zauna, na gode. Amma "homon saɓa" zai haɗa ni da ekdison, wanda Butenandt da Karlson suka tace a 1954, miligiram 25 daga kilo 500 na tsutsar siliki. Shi daga kolestarol jiki ke yin sa, kuma shi ke sa a gina sabuwar fata a ƙarƙashin tsohuwa. ETH kuwa a ƙarshe yake fitowa daga wasu ƙwayoyin halitta da ke manne da bututun numfashi, ya umarci jijiyoyi su fara motsin. Dole mai sauraro ya ji bambancin.

Baba Malam: 'Yata, kafin a je nan, wane ne homon? Na daɗe ina cewa a kira shi zugau. Starling da ya yaɗa kalmar a 1905 daga Girkanci ya ɗauko ta, ma'anarta a ingiza abu ya motsa. Mu muna da zuga, muna da siga irin ta mantau. Zugaun saɓa. Ina wahalar?

Ɗan Zazzau: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, amma zuga a kunnen Bahaushe ta faɗa ce. Kuma insulin ma homon ne. Za a ce wa mai ciwon suga zugaunsa ya yi ƙasa?

Baba Malam: Za a ce, kuma zai saba. Haka kuka bari jirgin sama ya tsira don kakanninku ne suka raɗa, amma ku duk abin da ya zo sai ku lanƙwasa harafinsa ku ce Hausa ce. Harshen da miliyoyin mutane ke magana da shi ya zauna yana bara?

Ɗan Damagaram: Baba, Larabawa hurmon suke cewa, mu nan da Faransanci muka iya ormon, ba wanda ya ce harshensu ya mutu. Abin da ke damuna daban ne. Ku yanke a Kano da Zariya, sannan mu ji a rediyo kamar an tambaye mu.

Mai Gona: To ga shi ana tambayarka. Kawo taka.

Ɗan Damagaram: Ba sabuwa nake kawowa ba, a riƙa tunawa da mu nake cewa. Saɓa dai mun san ta.

Malamar Kimiyya: Don Allah a dawo kan feftayid, lokaci na tafiya. Wani ya turo mini "na roba", wani "jabu". Duka biyun ƙarya za su faɗa, domin jerin amino asid ɗinsa daidai yake da na jikin tsutsar. Da hanyar da Merrifield ya fito da ita a 1963 ake jera su ɗaya bayan ɗaya, kamar zura 'ya'yan carbi.

Ɗan Zazzau: Guntun furotin, haɗin ɗakin gwaji.

Mai Gona: Guntu kamar an karya ne. Gajeriyar sarƙar amino asid ta fi.

Malamar Kimiyya: Ga abin da zan faɗa: ekdison, homon shirya saɓa, ETH, homon tayar da saɓa, haɗin ɗakin gwaji. Feftayid zan ambata sau ɗaya in fassara shi da maganar Mai Gona. Baba, zan ce wasu malamai na kiran homon zugau.

Baba Malam: "Wasu malamai." To. Tayar da saɓa Hausa ce mai kyau, na yarda da wannan. Homon kam ban sa hannu ba, kuma in shirin ya fita zan bugo waya.