Dan Allah wa ya gane tsarin gasar softbol ta jami'o'in Amurka?

Ɗan Bolari:
Salam jama'a. Masu bin wasannin waje ku taimaka min. Ƙanwata da ke karatu a Amurka ce ta turo min bidiyon 'yan matan makarantarsu suna buga wani wasa mai kama da besbol, softbol suke ce mishi. Wai sun gama kaka su ne na ɗaya a teburin rukuninsu, sai aka zo wata 'yar gasa ta kwana uku ko huɗu a watan Mayu aka yi waje da su, shikenan wai ba za su gasar ƙasa ba, wadda ke ƙasansu a tebur ita ta tafi. Ni dai abin ya ƙi shiga kaina wlh. To meye amfanin teburin kenan?

Malamin PHE:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Abin da ta faɗa maka haka yake. Jami'o'in can a karkase suke rukuni-rukuni, su suna cewa konfarens, akwai manya irin su SEC, Big Ten, Big 12 da ACC, akwai kuma ƙanana da yawa da ba ka jin sunansu. Gasar ƙasa ta NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ƙungiya 64 take ɗauka. Kusan rabi tikitin kai tsaye ne, kowane konfarens guda ɗaya, kuma yawanci wanda ya ci gasar nan ta Mayu shi ake ba, ba na saman tebur ba. Ragowar gurbin kwamiti ne ke zama ya zaɓa, yana duba su wa ka doke da ƙarfin waɗanda ka kara da su.

To a nan matsalar makarantar ƙanwarka take. In kana SEC ko an cire ka a wasan farko ba komai, kwamiti zai ɗauke ka, a 2025 kusan duk ƙungiyoyin SEC sai da suka shiga. Amma in ƙaramin konfarens ne ƙofa ɗaya tal gare ku, ka ci kofin nan ko ka tattara ka koma gida. Tebur kuma ba a banza yake ba, shi ke sa a haɗa ka da mai rauni a farko, wasu ma sai an yi zagaye ɗaya ko biyu kafin su shigo.

Na Pantami:
Malam da girmanka amma wannan ai zalunci ne aka sa mishi riga. Mutum ya sha wahala tun Fabrairu, rana ɗaya hannun mai jifarsu ya ƙi, ko ruwa ya ɓata fili, sai a ce komai ya tashi a banza? Kamar a ce Gombe United ta cinye lig sannan a ce mata sai ta sake cin wani kofin kwana uku kafin ta je Afirka, ai ranar ba mai barci a garin nan. Kuɗin talabijin kawai suke nema ba wani abu ba.

Malamin PHE:
Maganar kuɗi kam ban musa maka ba. Amma duba ta ɗaya gefen, ƙungiyar da ta fara kaka da rashin sa'a ko 'yan wasanta suka ji ciwo, ba don gasar nan ba tun Afrilu za ta saki jiki, wasanninta su zama na cika lissafi. Kuma ƙananan nan ba rakiya suke zuwa ba. A 2025 Texas A&M ce aka ba lamba ɗaya a duk ƙasar, Liberty daga Conference USA ta bi ta har gida ta fitar da ita tun matakin farko, abin da bai taɓa faruwa da mai lamba ɗaya ba. Shekarar ce ma ruwan sama ya hana buga wasan ƙarshe na SEC a Athens ta jihar Jojiya, aka ce Oklahoma da Texas A&M su raba kambun. Ni dai ra'ayina a manyan konfarens gasar nan ado ce kawai, a ƙanana ne take da rai.

Anti Mai Lissafi:
Ƙanena Ɗan Bolari tunda za ka fara kallo bari in rage maka wahala, nima a YouTube na koya. Zagaye 7 ake yi a kowane wasa ba 9 irin na besbol ba, ƙwallon ta fi girma, kuma ta ƙasa ake jefowa, yarinya ta wulwula hannu ta sako ta daga nisan ƙafa 43 kacal, mai sanda kafin ta ƙifta ido ƙwallo ta wuce. In an yi zagaye 5 wani ya ba da ratar maki 8 sai a tashi wasan, ba a tsayawa cin mutunci. Daga 64 ɗin nan ake tacewa zuwa 16, sannan 8 su haɗu a Oklahoma City. Oklahoma ta ɗauka sau huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024 ƙarƙashin koci Patty Gasso, sai 2025 Texas ta ɗauka karon farko bayan ta doke Texas Tech. Abin da ya fi burge ni shi ne yaran nan da yawansu da wasan suke karatu, makaranta ke biya musu. Mu nan ko NUGA, gasar wasannin jami'o'in Najeriya, ta zo sai ka ji ana neman 'yan mata da fitila.

Ɗan Bolari:
Na gode Malam, na gode Anti, Allah ya ƙara sani. Amma har yanzu ina bayan Na Pantami gaskiya. Wasan Oklahoma City ɗin ƙarfe nawa yake kamawa a nan?

Anti Mai Lissafi:
Ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni ake yi, kuma awa 6 muka riga su, wasan ƙarfe 7 na yammansu ƙarfe 1 na dare ne a Gombe. In ba ka da sola da data mai auki ka haƙura ka kalli taƙaitawa da safe, washegari suke ɗorawa.