Wai D&D tatsuniya ce aka saka wa dayis?

Ɗan Fagge: Salam jama'a. Jiya na zauna na kalli yadda ake wasan nan Dungeons & Dragons, mutum ɗaya na ba da labari, sauran kowa ya riƙe jarumi guda yana faɗin abin da zai yi. Wallahi tatsuniya ce irin ta kakanninmu, dayis kawai Turawa suka ƙara mata.

Na Kurna: A'a ɗan uwa, asalinsa ma daga wasan yaƙi ya fito. Tun 1824 hafsoshin Furusiya, wata tsohuwar daula a Jamus, ke koyon dabarar yaƙi a kan taswira, Kriegsspiel suke ce masa. Gary Gygax ya fitar da wani wasan yaƙi mai suna Chainmail a 1971, runduna guda kake ja, sai Dave Arneson ya zo da dabarar kowa ya riƙe mutum ɗaya tal, daga nan suka haɗu suka buga D&D a 1974 a Amurka. Ina tatsuniya a nan?

Ɗan Fagge: Ni ba tushen nake faɗa ba, zaman nake faɗa. A zauna a zagaye da dare, baki da kunne kawai, kowa na ganin abin a ransa.

Anti Gwale: Ƙanina ka manta abu ɗaya. In kaka ta ce ga ta nan ga ta nanku, naka kawai ta zo mu ji ta, ita ta riga ta san inda Gizo zai ƙare, ba ka da ikon cewa kar ya shiga gidan Kura. A wancan kuwa kai za ka ce na buɗe ƙofar, a jefa dayis mai fuska 20, in ya faɗi ƙasa jaruminka na iya mutuwa kuma shi kansa mai ba da labarin bai san haka za ta faru ba. Ni in dole sai an kamanta, ya fi kusa da tashe, inda yaro ke zama wani.

Na Kurna: Kuma yaran da ke cika gidajen gem a Zoo Road duk jikokin D&D suke bugawa ba su sani ba, layin jinin da ke raguwa in an buge ka, hawa lebul, tara maki, gem ɗin Final Fantasy ta 1987 ma daga can ta kwaso su.

Malam Hotoro: Ni damuwata dayis ɗin da maganar tsafi da dodanni.

Na Kurna: Malam ba kai kaɗai ba, a Amurka ma iyaye sun tayar da jijiyar wuya, har Patricia Pulling ta kafa ƙungiyar yaƙi da shi a 1983. Amma ba kuɗi ake zubawa ba.

Malam Hotoro: Ko ba kuɗi, malamai sun yi magana kan dayis, shi ya sa ko lido ba na bari a gidana.

Ɗan Fagge: To Malam in aka cire dayis, aka rubuta lamba 1 zuwa 20 a takarda ana zara, labarin kuma a yi shi a Kanon da, fatake sun fito ta Ƙofar Ruwa za su Agadas, za ka bar yaranka su zauna?