"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi": shin hujja ce ta matsa wa yaro a kan karatu?

Malamin firamare daga Katsina: Wannan karin magana shi ne abin da iyaye suka fi kawo mini duk ranar raba sakamako, musamman idan na roƙe su da su daina tarbar yaro tun daga zaure da tambayar "na nawa ka zo?". A ganina suna ɗora wa maganar kayan da ba nata ba, domin tarbiyyar hali take nufi, ba matsayi a aji ba.

Wani uba daga Zariya: Malam, ban yarda ba. Jami'a ba ta karɓar ɗalibi sai da kiredit biyar har da Turanci a jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ko NECO, ga kuma JAMB, jarrabawar shiga jami'a, da ake auna ta a kan maki 400, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ban matsa wa ɗana yanzu ba, yaushe zan matsa?

Wata uwa daga Maraɗi: Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri, amma wanda ya taɓa lanƙwasa tsumagiya ya san a hankali ake bin ta, in aka fizge ta ɗanyar ma tsagewa take yi. Mu nan Nijar BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ce ke hana iyaye barci, kuma na lura yaron da aka saba tambayarsa maki kawai yakan koyi ɓoye takarda a ƙasan jaka. Ni idan 'yata ta dawo, sai ta ci abinci ta huce, sannan in ce, "Uwata, me aka koya muku yau da ban sani ba?" A cikin bayaninta nake gane inda ta makale, ba tare da ta ji ana tuhumarta ba.

Malamin firamare: Hajiya ta taɓo inda nake so. A makarantar allo babu na ɗaya babu na ƙarshe. Yaro ba ya wanke allonsa sai ya biya daidai, kowa da ranar saukarsa.

Uban: Amma fa can ma akwai dorina, Malam, kada mu manta. Na amince a bar kwatanta yaro da ɗan maƙwabci, wannan kam yana kashe zuciya. Tambayar makin dai ba zan bari ba, sai dai in jinkirta ta zuwa bayan sallar Isha'i, lokacin da ƙannensa suka yi barci.