Garin Masu Sabulu: Musayar Baitoci kan Port Sunlight

Baba Dattijo:
Da sunan Allah na buɗe fage,
Mai baiti a baki ya matso kusa.
A 1888, can ƙasar Ingila,
William Lever ya fara aiki a fadama, ya gyara ƙasa.
Gaɓar kogin Mersey, Liverpool na tsallake,
Ya kafa kamfanin sabulu, ya ja gari a jikinsa.
Port Sunlight ya raɗa masa, sunan sabulun,
Lebura ya tashi aiki, gida ba nisa.

'Yar Gidan Malam:
Baba ka buɗe, bari in ɗora,
Tsarin ginin nan ban ga kamarsa.
Masu zanen gini kusan 30 ya tara,
Kowane layi da irin fasalinsa.
Ga makaranta, ga asibiti, ga wurin iyo,
Ga ɗan lambu, kowa ya shuka abinsa.
A zamanin da lebura a Liverpool
Ke cunkushe a lungu, hayaƙi bisa.
A 1922 ya buɗe gidan zane-zane
Don tunawa da marigayiya matarsa.

Kawu Mai Gardama:
'Yata sannu, kin ga fenti kin yaba,
Gidan na kamfani ne, makulli nasa.
Ran da aka ce maka aiki ya ƙare,
Naɗe tabarmarka, gidan ma ka rasa.
Riba ya ce za a raba, amma ba tsaba ba,
Wai in ka riƙe kuɗin, mashaya za su isa.
Ko filin ƙofar gida ba ka da iko,
Kada ka saki kaji, kamfani ke yanke ciyawarsa!
Alheri ne, ban musa ba,
Amma da igiya ɗaure a ƙafarsa.

Baba Dattijo:
Ƙanena, ka faɗi rabi ka bar rabi.
Masaukin Bridge Inn da ya buɗe a 1900, ba giya cikinsa.
Jama'a suka matsa, aka kaɗa ƙuri'a,
Mata ma sun jefa, aka kayar da ra'ayinsa.
Ya haɗiye, ya bar su da zaɓinsu.
Wane mai kamfani ke yin haka a zamaninsa?

Ɗan Auta:
Iyayena, ku gafarce ni in sa baki,
Sabulun nan da manja ake yin sa.
A 1911 ya sami daji a Kwango,
Gwamnatin Beljiyam ta miƙa masa.
Leverville aka sa wa wurin, sunansa dai,
Amma aikin tilas ya cika gangunansa.
Mai hawa kwakwa yana saro nono,
Wa ya tambaye shi ra'ayi, balle ƙuri'arsa?

Baba Dattijo:
Lever ya rasu a 1925,
Garin bai rushe ba a bayansa.
Shekarun 1980 aka fara sayar da gidajen,
Wanda bai taɓa aikin sabulu ba ya sayi nasa.

Kawu Mai Gardama:
Yaya, ka tsallake zancen manja,
Auta na nan tsaye yana jiran amsa.