Cinikin Luka Doncic da Anthony Davis: me kuka gani a fili, me lissafi ya nuna?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina so mu tattara abin da kowa ya gani da idonsa game da cinikin nan na Fabrairun 2025 a gasar ƙwallon kwando ta NBA, ba gardamar wane ya fi wane ba. Don mu tashi daga wuri ɗaya: Lakers ta karɓi Luka Doncic da Maxi Kleber da Markieff Morris. Dallas ta karɓi Anthony Davis da Max Christie da gurbin zaɓen zagayen farko na 2029, wato damar ɗaukar sabon ɗan wasa a zaɓen matasa na shekarar. Utah ta shigo a ta uku, ta tafi da Jalen Hood-Schifino da gurabe biyu na zagaye na biyu. Labarin ya fashe ne wajen ƙarfe shida na safiyar Lahadi, 2 ga wata, a agogon Najeriya da Nijar, har mutane da dama suka ɗauka kutse aka yi wa ɗan jarida Shams Charania na ESPN a shafinsa. Duk wanda ya bi wasannin da suka biyo baya, ya faɗa mana me ya lalace, kuma me ya lalata shi.

Tsohon Koci:
Wa alaikumus salam. Ni dai abin da na gani shi ne an raba inji ɗaya gida biyu, kowa ya ɗauki rabi ya tafi.

Wasan Luka kusan duka a kan abu ɗaya yake zaune. Dogo zai fito saman layin maki uku ya kafa wa mai gadin Luka shinge, sannan ya juya ya nufi kwando da gudu. Daga nan mai gadin dogon yana da hanya uku, kuma duk ukun akwai ƙaya. In ya ja baya ya tsare kwando, Luka ya samu sararin jifa. In ya fito suka taru wa Luka su biyu, sai ƙwallo ya tsallake su ya isa ga dogon, wasa ya koma huɗu da uku. In suka musanya, Luka ya samu mutum mai nauyin ƙafa a gabansa, ya yi ta jan sa har ya ja da baya ya jefa. Amma duk wannan ba ya aiki sai dogon ya kasance mai tashi sama, wanda za a cilla masa ƙwallo a saman kwando ya danna. Tsoron wannan cillawar ne ke sa mai gadin kusurwa ya baro mutuminsa ya shigo taimako, shi kuma Luka ba ya kuskure a nan, nan take zai aika ƙwallo kusurwar da aka bari.

A Dallas yana da irin waɗannan dogayen har biyu, Dereck Lively da Daniel Gafford, ɗaya ya fita ɗaya ya shigo, minti 48 babu hutu. PJ Washington da Derrick Jones suna jira a kusurwa. Da wannan suka fitar da Minnesota 4-1 a ƙarshen gasar yamma a 2024. Shekara ɗaya bayan nan Luka ya sake haɗuwa da Minnesota, wannan karon a rigar Lakers, aka fitar da su 4-1 tun zagayen farko. Mutum ɗaya, abokan hamayya kusan ɗaya. Bambancin shi ne masu kafa masa shinge a lokacin LeBron ne da Hachimura da Finney-Smith, masu gadinsu kuma Randle ne da McDaniels da Edwards, waɗanda ko an musanya ba su damu ba. Gobert, dogon Minnesota, ya samu damar zama kusa da kwando abinsa.

Mai Lissafi:
Malam Koci ya yi bayanin fili, bari in shigo da na takarda, don cinikin NBA ba kamar na ƙwallon ƙafa ba ne da za a ajiye kuɗi a ɗauki ɗan wasa. Albashi ake daidaitawa da albashi.

A kakar 2024-25 iyakar albashi dala miliyan 140.6 ce, haraji yana farawa daga 170.8, katanga ta farko, wato matakin albashin da in ƙungiya ta wuce shi ake taƙaita mata ciniki, tana 178.1, ta biyu 188.9. Lakers ta wuce ta farko, don haka doka ta hana ta karɓar albashin da ya fi wanda ta fitar. To ku lissafa: Luka miliyan 43, Kleber 11, jimla 54. Davis 43.2, Christie 7.1, jimla 50.3. Akwai giɓi. Shi ya sa aka nemo Utah ta ɗauki Hood-Schifino mai kusan 3.9, abin da Lakers ta fitar ya kai 54.2. Morris yana kan mafi ƙarancin albashi, akwai ƙofar da doka ta bar wa irinsa. Gurabe biyun da Utah ta samu ladan ɗaukar kaya ne kawai. Shi ma Davis ya yafe ƙarin kuɗin da kwantiraginsa ya tanada idan aka sayar da shi.

Babban kuɗin kuma yana wani wuri. Da Luka ya zauna a Dallas, a bazarar 2025 ya cancanci kwantiragi mafi girma, kashi 35 cikin 100 na iyakar albashi, kimanin dala miliyan 345 a shekara biyar. Wannan kwantiragin ƙungiyar da ta raini ɗan wasa tun shekarunsa na farko ce kaɗai ke iya ba shi. Ranar da aka sayar da shi, ranar ya rasa shi. Sai da ya jira wata shida cif, ranar 2 ga Agusta ya sa hannu da Lakers a kan miliyan 165 na shekara uku, ta ukun zaɓinsa ce. Ba don babu tayin da ya fi tsawo ba. An zaɓe shi ne a 2018, a 2028 zai cika shekara goma a gasar, wanda ya cika goma kuwa yana iya karɓar kashi 35 a ko'ina.

Ɗan Fagge:
To Malam, in Lakers ta san dogo take buƙata, me ya hana ta samo shi kafin a rufe kasuwa?

Mai Lissafi:
Ai ta samo, ya kuɓuce. An rufe kasuwa ranar Alhamis 6 ga Fabrairu, ƙarfe tara na dare a agogonmu. Kafin nan ta daidaita da Charlotte a kan Mark Williams, za ta ba da Dalton Knecht da Cam Reddish da gurbin 2031 da damar musanya na 2030. Kowane ciniki yana rataye ne a kan gwajin lafiya. Likitocin Lakers suka duba shi ba su gamsu ba, ranar 8 aka soke cinikin. Inda abin ya yi ciwo shi ne lokacin: da kafin 6 ga wata ne, sai a zauna a rage farashi ko a nemi wani. Bayan rufe kasuwa ba a gyara sharuɗɗa, ba a buɗe sabo. Knecht ya koma ɗakin da ya riga ya yi sallama da shi. Abin da ya rage shi ne 'yan wasan da ƙungiyoyinsu suka sallama, a nan ma wadda ta wuce katanga ta farko ba ta da izinin ɗaukar wanda tsohon albashinsa ya wuce kimanin miliyan 12.8. Alex Len suka samu.

'Yar Zongo:
Yaya Koci, na yarda da maganar hari, amma ni a tsaro na ga ramin ya fi zurfi. Davis shi ne ke share kuskuren kowa a Lakers. Da ya tafi sai Jaxson Hayes, kuma kocin Lakers JJ Redick bai amince da shi ba, mintoci kaɗan yake ba shi a farkon wasa ya zaunar da shi. A wasa na huɗu da Minnesota, mutum biyar ya bari a fili tun daga dawowa hutun rabin lokaci har aka tashi, Luka da Reaves da LeBron da Hachimura da Finney-Smith, minti 24 babu canji ko ɗaya. LeBron yana da shekara 40 a lokacin. A zubi na huɗu ƙafafu suka mutu, kana ganin jifa yana faɗuwa gaban kwando. Edwards ya ci maki 43, ya dinga kiran shinge har sai Luka ya faɗo gabansa sannan ya kutsa. Aka tashi 116-113.

Wasa na biyar ya fi nuna abin ƙarara. Minnesota ta jefa na maki uku sau 47, bakwai kacal suka shiga. Ƙungiyar da ta yi haka kamata ya yi a lallasa ta. Amma duk wanda ya baro kwando, hannun Gobert yake faɗawa, babu mai tsayin da zai ture shi. Ya gama da maki 27, ya cafke ƙwallo 24, suka ci 103-96 a gidan Lakers. Mu da muke farkawa cikin dare saboda waɗannan wasannin, wannan ba abin da za ka so ka hana idonka barci a kansa ba ne.

Bakatsine:
Ku yi haƙuri, kowa ya tasa Lakers a gaba, ita da ta gama da nasara 50 a matsayi na uku a yamma. Wanda ya ji jiki Dallas ce.

Amma don adalci, tunanin Nico Harrison, babban manajan Dallas da ya ƙulla cinikin, ba hauka zalla ba ne. Hujjarsa ita ce tsaro ke cin kofi. A wasan ƙarshe na 2024 Boston ta ci su 4-1, kuma kowa ya ga yadda Brown da Tatum suke neman Luka su wuce shi. Sannan tun ranar Kirsimeti Luka yana jinyar sharaɓa. Ranar 8 ga Fabrairu da Davis ya fara bugawa da Houston, an ga hoton abin da ake nufi: maki 26, ya cafke 16, ya miƙa bakwai da aka ci, ya tare uku, duk kafin zubi na uku ya ƙare. A cikin zubin nan ya dafe cinya ya fita, wasa 18 bai dawo ba. Matsalar ita ce wannan ba sabon abu ba ne ga Davis, da rauninsa ma ya iso. In damuwarka lafiyar ɗan shekara 25 ce, ba ka magance ta da ɗan shekara 31 mai tarihin jinya.

Tsohon Koci:
Haka ne, ga kuma ɗaya rabin injin. Dallas ta tara dogaye, Davis da Lively da Gafford da Washington, amma mai ba su ƙwallo saura Kyrie Irving kaɗai. Dogo ba ya ciyar da kansa. Kyrie ya koma shi ne mai kawo ƙwallo, shi ne mai ƙirƙira, shi ne mai ci, yana kusantar minti 40 a wasa. Ranar 3 ga Maris da Sacramento jijiyar gwiwarsa ta tsinke.

'Yar Zongo:
Yaya, a nan kam a yi hattara. Kutsawa ya yi aka yi masa keta, ƙafar ta sauka ba daidai ba. Irin wannan yana samun wanda ya huta ma. A ce nauyin ya yi masa yawa, gaskiya ne. A ce shi ya tsinka jijiyar, ba wanda zai rantse.

Tsohon Koci:
Na karɓi gyara, ƙanwata.

Mai Lissafi:
Akwai abin da ya faru a watan Maris ɗin da mutane ba su fahimta ba, suna ta cewa me ya sa Dallas ba ta ɗauko ko 'yan wucin gadi ba. Ba ta iya ba ne. Tun bazarar 2024 da ta ɗauko Klay Thompson daga Golden State ta hanyar sa hannu a can a turo shi, doka ta kulle ta a ƙarƙashin katanga ta farko har ƙarshen kaka, ko da dala ɗaya ba za ta haura ba. Tana dab da katangar. Lively na jinyar idon sawu, Gafford gwiwa, ga Davis ga Kyrie. Doka na buƙatar mutum takwas cikin riga kafin a fara wasa, kuma akwai daren da takwas ɗin ne kawai. Matasan da ke kan kwantiragin raba ƙafa da ƙaramar gasa su ma wasa 50 aka yarje musu, suna ta ƙarewa. Da 39-43 suka gama, suka ci Sacramento a wasan cike gurbi, Memphis ta kore su.

Ɗan Damagaram:
Ni farashin ne har yau ya tsaya min a wuya. A 2022 Minnesota ta ba Utah gurabe huɗu na zagayen farko a kan Gobert, ban da 'yan wasa. Phoenix ta ba da huɗu a 2023 a kan Durant, ta haɗa da Mikal Bridges da Cam Johnson. New York ta ba da biyar a 2024 a kan shi Bridges ɗin, wanda bai taɓa shiga wasan taurari ba. Luka kuwa sau biyar a jere yana cikin gwanaye biyar na gasar, shi ya fi kowa maki a 2023-24 da 33.9 a kowane wasa, aka karɓi gurbi ɗaya. Lakers tana da biyu da za ta iya bayarwa, 2029 da 2031, saboda doka ta hana a sayar da na shekaru biyu a jere, na 2025 da 2027 kuma sun riga sun tafi. Ko na biyun ba a karɓa ba, shi ne ma ta ɗauka ta nufi Charlotte da shi. Dalili a fili yake: da mai saye ɗaya aka yi magana, a asirce. Ko ɗan akuya ka kai kasuwa, ba ka sallama wa wanda ya fara tayawa.

Bakatsine:
Sai dai sa'a ta rufa musu asiri, Malam. Da kashi 1.8 cikin 100 suka ci ƙuri'ar da ake jefawa don fitar da wanda zai fara zaɓen matasa, suka ɗauki Cooper Flagg a na ɗaya.

Ɗan Damagaram:
Ta rufa, amma ba ta toshe ramin da Koci ya nuna ba. Da aka buɗe kakar 2025-26 Kyrie bai warke ba, sai ga kocin Dallas Jason Kidd ya ɗora wa Flagg, yaro ɗan 18 wanda ba gurbinsa ba ne, aikin kawo ƙwallo. Suna 3-8 aka sallami Harrison ranar 11 ga Nuwamba.

Kuma masu cewa su zubar da kaka biyu ko uku su tara matasa, ku duba rumbun tukuna. Gurbin 2027 yana hannun Charlotte saboda cinikin PJ Washington, sai in ya faɗo na ɗaya ko na biyu. Na 2028 Oklahoma City na da damar musanyawa, ta nan aka samo abin da aka sayi Gafford. Na 2029 ya tafi tun cinikin Kyrie da Brooklyn. Na 2030 San Antonio na da damar musanyawa. Duk an jinginar da su ne don a kewaye Luka da mutanen da suka dace da shi. Daga 2027 zuwa 2030, in Dallas ta sha kashi, wata ƙungiyar ce za ta ci ribar.